Tarihin Farfesa Lambo, likitan da ya kama wa masu taɓin hankali haya a ƙauye

Duk wanda ya taɓa ɗaukar kaya daga Ƙonni ya ƙetara iyaka ta Illelar Najeriya ya nufi Sakkwato, ya san garin Kware ko da bai taɓa sauka ba. Ya kuma san abin da ake nufi in aka ce an kai wane Kware. A nan gida kuwa, in ciwon ya gagari malam ya gagari boka, kuma ƴan uwa suna da ɗan hali, sai a fara maganar Pavillon E na babban asibitin Yamai, tafiyar sama da kilomita 400. Waɗanda ba su da hali, mun san inda nasu yake ƙarewa: ko ɗaki a kulle a bayan gida, ko turu, ko bakin kasuwa yara na bi da jifa.

Wannan ne ya sa a shafinmu na yau muka ɗauko tarihin wani mutum wanda ba Bahaushe ba ne, ba kuma ɗan Nijar ba. Bayarabe ne mutumin Abeokuta, sunansa Thomas Adeoye Lambo, shi ne ɗan Najeriya na farko da ya ƙware a aikin likitan ƙwaƙwalwa irin na zamani. Bai ƙago wani sabon magani ba. Ƙwayar da ya ba mutane ita ce ake ba su a Landan da Paris. Abin da ya sake shi ne halin gidan aikin: wa ake saurara, wa ake lissafawa cikin ma'aikata, wa ke riƙe da makulli, da yadda babba ke magana da na ƙasa da shi. Ƴan kasuwa sun fi kowa sanin wannan. Rumfa biyu jere da juna, atamfa iri ɗaya, farashi ɗaya, amma ɗaya cike da masu saye, ɗaya sai ƙuda. In ka bincika, sau da yawa za ka tarar uban gidan waccan rumfa zagin yaransa yake yi tun safe, su kuma suna hucewa a kan mai saye. To a rumfa asarar ciniki ce kawai. A gidan masu taɓin hankali, wanda ake hucewa a kansa ba shi da ikon tashi ya koma rumfar gaba, in kuma ya kai ƙara ba mai yarda da shi.

An haifi Lambo ranar 29 ga watan Maris na 1923 a Abeokuta, garin Egbawa da ke gindin dutsen Olumo, arewa da Ikko. Gari ne na mata ƴan kasuwa masu rinin zanen adire, kuma ba su da wasa. Su ne a 1947 da 1948 suka yi ta zaman dirshan a ƙofar fadar sarkinsu Alake a kan harajin da aka ɗora wa mata, sai da ya sauka daga gadon sarauta a farkon 1949. Mun kawo wannan ne don mai karatu ya san irin matan da Lambo ya tashi a cikinsu, domin daga baya aikinsa a wuyan mata ya rataya. Ya yi sakandare a makarantar Baptis ta maza da ke garin daga 1935 zuwa 1940, sannan ya tafi Ingila, Jami'ar Birmingham, inda ya gama karatun likita a 1948. A can ya auri wata Baturiya mai suna Dinah, suka haifi ƴaƴa maza uku.

Da ya dawo gida ya shiga aikin gwamnatin Turawa, aikin ya kai shi gidan mahaukata na Yaba a Ikko. Wannan gida an buɗe shi tun 1907 a cikin wani tsohon ginin ma'aikatar jirgin ƙasa, akwai kuma irinsa a Kalaba. A arewa kuwa, ƙasashen Sakkwato da Kano da Katsina, wanda hankalinsa ya gushe har ya zama abin tsoro galibi gidan yari ake kai shi, a ware masa ɗaki. Dokar da Turawa suka yi a 1916 maganar tsarewa take yi, ba ruwanta da warkewa. Gwamnati ta sa wani likita ya duba gidajen a 1928, ta sake sa wani a 1936, duk suka rubuta cewa akwai cunkoso da ƙazanta da rashin magani, aka karɓi rahotannin aka ajiye, wai babu kuɗi.

A nan ya kamata mu tsaya kaɗan, domin mutanen da ke aiki a waɗannan gidaje ba shaiɗanu ba ne. Talakawa ne irinmu masu neman abin kai wa bakin salati. Amma masu gadi aka ɗauke su, ba wanda ya koya musu komai game da ciwon, ga albashi kaɗan, ga mutum ɗaya a kan majinyata da yawa. Laifin da zai sa a kore ka shi ne wani ya gudu, ko ya ji wa wani ciwo. Ba mai tambayarka ko wane ya yi barci jiya, ko ya ci tuwonsa, ko ya fara gane ƴarsa. Mutumin da aka sa a wannan hali, sarƙa ce abokiyar aikinsa, don ita ke tsare masa albashi. Sabon ma'aikaci in ya zo da tausayi, kafin wata uku tsofaffin hannu sun koya masa yadda ake yi a gidan. Likita Bature kan leƙo lokaci-lokaci, ba ya jin yaren majinyaci, sai ta bakin tafinta.

Su kansu manyan likitocin zamanin suna da ra'ayin da ya ɗaure wa wannan hali gindi. Wani mai suna Carothers, wanda ya daɗe yana riƙe da asibitin Mathari a Nairobi, ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya littafi a 1953 a kan tunanin baƙar fata. A rubuce-rubucensa ya nuna wai ƙwaƙwalwar ɗan Afirka ba ta kai ta Bature aiki ba, wai kuma baƙin cikin nan mai kwantar da mutum bai cika kama mu ba. In babban likita ya yarda da haka, me zai sa ya zauna ya saurari majinyaci? Lambo yana Landan a lokacin, ya koma ƙarin karatu a asibitin Maudsley tun 1952. A 1955 ya buga binciken da ya yi a kan majinyata Yarbawa a wata mujallar likitocin Ingila, inda ya yi wa irin wannan ra'ayi raddi da hujja.

A 1954 aka ba shi riƙon sabon asibitin Aro a bayan garin Abeokuta, yana da shekara 31. Kafin nan akwai wani tsohon gidan yari a unguwar Lantoro, wanda tun 1944 ake tsare sojojin da suka dawo daga yaƙin Hitila da taɓin hankali. Ya tarar ginin Aro bai ƙare ba, ɗakunan kwanciya ba su shirya ba, ƙwararrun ma'aikata ƴan kaɗan ne. Ga jama'a na tsoron wurin, don a saninsu wanda ya shiga gidan mahaukatan gwamnati ba ya fitowa. Da wani likita ne, da ya zauna jiran magina yana aika takardu Ikko. Shi sai ya shiga ƙauyukan da ke kewaye da asibitin ya zauna da masu gari da dattawa.

Abin da ya roƙa, in aka zo da shi yau ga mai garin wani ƙauye tsakanin Tsarnawa da Dogarawa, sai an sha zama kafin ya amsa. So yake su ba majinyatansa hayar ɗakuna a cikin gidajensu, a tsakiyar matansu da ƴaƴansu. Mutanen sun ji tsoro da fari, kamar yadda mu ma za mu ji. Amma suka yarda, aka fara a watan Oktoba na 1954, har abin ya game ƙauyuka huɗu masu ɗaukar majinyata wajen 200 zuwa 300. Sharaɗi ɗaya ne ba a sassautawa: ba a karɓar majinyaci shi kaɗai. Dole ya zo da wani nasa wanda zai zauna da shi, ya dafa masa, ya wanke masa, ya raka shi asibiti. Galibi uwa ce, ko gwaggo, ko ƴar uwa. Da safe su taka zuwa asibiti a yi masa abin da likita ya rubuta, ƙwaya ko allura, wani lokaci da jinyar lantarki da ake yi a ka. A shekarun nan ne maganin Largactil, wanda likitocin Paris suka fara ba masu taɓin hankali a 1952, ya bazu a duniya. Bayan magani sai ɗan aikin hannu, saƙa ko lambu, da rana ta yi sanyi su koma masauki. A cikin ƙauyen akwai malaman jinya da ke kwana, in wani ya tashi da dare akwai ƙofar da za a buga.

Lambo bai ce mutanen ƙauye su yi don Allah kawai ba, ya san ciniki. Mai gida na karɓar kuɗin haya. An ba wasu rance sun ƙara ɗakuna. An kawo ruwan famfo, an haƙa masai, an sa masu yaƙi da sauro, mutanen ƙauyen kuma suna zuwa a duba lafiyarsu. Mai sayar da abinci ta samu kasuwa, mai itace ya samu. Ana kuma zama lokaci-lokaci tsakanin ma'aikatan asibiti da dattawan ƙauye, inda mai gida zai faɗi abin da ke damunsa, likitan da ya yi karatu a Ingila yana zaune yana saurare.

To mu duba abin da wannan tsari ke yi wa ma'aikaci, domin nan ne zancen yake. Malamin jinya da ke Yaba yana da makulli da bango, abin da ya yi a bayan bangon shi da Allah. Wanda ke Aro ba shi da ko ɗaya. A tsakar gidan wani yake aiki, uwar majinyaci na tsugune tana hura wuta tana kallonsa, matar mai gida na jin duk abin da ya fito daga bakinsa. Hannun da zai ɗaga ya mari mutum a ɗakin kulle, a nan ba zai ɗagu ba. Tunda ba ƙofar da zai rufe, ba abin da zai riƙe majinyaci da shi sai magana da haƙuri da sanin halinsa. Tambayar da likita zai yi masa da safe ita ma ta sake. Ba a cewa ko kowa na nan. Ana tambaya ne ko wance ta yi barci, ko ta karɓi jaririnta, ko wane ya fita gona. Ma'aikaci abin da ya san za a tambaye shi gobe, shi yake lura da shi yau.

Ita kuma mai jinya ta tashi daga matsayin baƙuwar da ake kora ta zama ƴar gida. Ita ta san ranar da ciwon ya fara, ko bayan haihuwa ne, ko bayan karayar jari, ko bayan mutuwar aure. Ita ta san ko ya haɗiye ƙwayar ko ya ɓoye a ƙarƙashin tabarma. Tana ganin yadda ake lallashinsa in ya birkice, tana koyo, ranar komawa gida da wannan ilimi za ta tafi. Tana kuma zaune da wasu mata masu irin nauyinta, abin da ta shekara tana ɓoyewa don kada a ƙi auren ƴaƴanta, a nan kowa nasa a fili yake. Mu nan ba baƙin wannan al'ada ba ne. Wanda ya je asibitin Galmi, ko na Ƙonni, ko na Tawa, ya ga masu jinya da tukwanensu da tabarminsu, ba majinyacin da ke kwana shi kaɗai. Abin da ya rage shi ne a tambaye su. A wani asibiti da ba za mu kama sunansa ba, mun taɓa jinyar wani ɗan uwa na kwana tara, kullum lokacin zagayen likita sai a fitar da mu waje kamar awaki sun shiga gona, alhali mu muka kwana da shi, mu muka san bai runtsa ba. Wanda ke korar tamu ba mugu ba ne, shi ma mun ji irin tsawar da ake daka masa a gaban mutane.

Abin da ya fi jawo wa Lambo surutu shi ne ɗauko bokayen Yarbawa da ya yi ya sa su cikin aikin. Abokan aikinsa da yawa sun ga kamar ya zubar da girman likita. Shi kuwa ya lura cewa kusan duk majinyacin da ya zo wurinsa ya riga ya bi ta wurin boka, kuma in ya fita zai sake komawa, ko likita ya so ko bai so ba. In aka hana, a ɓoye za a yi, a haɗa sassaƙe da ƙwayar asibiti ba wanda ya sani. Ya kuma lura mutumin da ya yi imani sammu aka yi masa, in ka ce masa babu sammu, ya daina gaya maka komai ke nan. Don haka boka na yin nasa a kan idon asibiti, magani kuma na hannun likita. Wasu bokayen ma sun san abin da suke yi. Wani likita ɗan Kanada mai suna Raymond Prince, wanda ya yi aiki a Aro a ƙarshen shekarun 1950, ya rubuta cewa suna ba majinyata saiwar wani itace da suke kira asofeyeje, wadda ke ɗauke da sinadarin da kamfanonin Turai ke sayarwa a ƙwaya don kwantar da hankali. Sai dai su ɗin ne kuma wasunsu ke ɗaure mutum da mari suna dukansa, wannan kuwa ba shi da wuri a Aro.

Mun san akwai masu karatu da za su ce mu Musulmi ne, ina ruwanmu da boka. Gaskiyarsu. Amma darasin bai tsaya ga boka ba. A Sudan, likitan ƙwaƙwalwarsu na farko, Tijjani al-Mahi, wanda ya rasu a 1970, da shehunnan addini ya ƙulla irin wannan zumunci, suna turo masa waɗanda suka ga ciwonsu na asibiti ne. A Dakar, Bafaranshe Henri Collomb, wanda ya riƙe sashen ƙwaƙwalwa na asibitin Fann daga ƙarshen shekarun 1950 zuwa 1978, ya shigo da mai jinya cikin asibitin ya kwana da nasa, ya kuma kafa wani zama irin na dandalin ƙauye da Wolof ke kira penc, inda majinyata da danginsu da ma'aikata ke zama wuri ɗaya kowa ya faɗi albarkacin bakinsa. Fann ta horar da likitocin ƙwaƙwalwa da yawa na ƙasashen da Faransa ta mulka. A ganinmu, malamin da ke ruƙiyya a Malbaza da majon asibitin unguwarsa, in sun san lambar wayar juna, yarinyar da ke faɗuwa da farfaɗiya za ta samu addu'a ta kuma samu ƙwayar da ke tsayar da faɗuwar. In suna raina juna, ita ce za ta faɗa wuta wata rana tana girki.

Shin mutane sun warke a Aro? Lambo ya rubuta cewa majinyatan ƙauye sun fi saurin samun sauƙi, sun fi komawa cikin danginsu ba tare da wahala ba, kuɗin kuma bai kai na kwanciya a asibiti ba. Masana daga baya sun ce ba a auna abin da ma'auni mai tsauri ba, kuma waɗanda suka fi birkicewa asibiti ake kwantar da su bayan an gama ginin. Wannan gyara ne mai kyau. Amma akwai abin da ba a musu a kansa: mutane sun riƙa kawo nasu da ƙafarsu, daga nesa, ba ɗan sanda ya kawo su ba. A 1961 shi da Alexander Leighton na Jami'ar Cornell ta Amurka suka bi ƙauyukan Egba gida-gida suna bincike, littafin ya fito a 1963, ya nuna damuwa da baƙin ciki suna kama Bayarabe kamar yadda suke kama mutumin Kanada. Bayan haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi diddigin masu haukan nan mai sa jin muryoyi a ƙasashe tara, ta tarar na Ibadan da na Agra a Indiya sun fi na Landan da na Denmak samun sauƙi bayan shekara biyu. Har yau ana gardamar dalili, amma da yawa na danganta shi da rashin yanke majinyaci daga danginsa da sana'arsa.

Akwai abin da masu yabon Aro ba su cika faɗi ba, mu kuwa dole mu faɗa tunda da mata ƴan kasuwa muke magana. Arahar nan da gwamnati ta samu, wata ce ta biya. Matar da ta bar tirenta ko rumfarta ta tafi jinya makonni, wani lokaci watanni, ba albashi ake ba ta ba. Ita ke biyan haya, ita ke sayen abinci. Mai sayar da albasa a Galmi ta san abin da rashin wata ɗaya a kaka ke nufi: masu saye sun koma wurin wata, adashi ya wuce ta, jarin an cinye shi. Tsarin ya ɗauke ta ma'aikaciya wajen aiki, bai ɗauke ta ma'aikaciya ranar biya ba. Duk wanda zai kwaikwayi Aro a ƙasarmu sai ya fara da wannan lissafi.

Sunan Lambo ya fita duniya da wuri. A watan Nuwamba na 1961 ya tara taron farko na likitocin ƙwaƙwalwa na Afirka a Abeokuta. A 1963 ya koma Jami'ar Ibadan, garin da fatakenmu ke kira Badun, ya zama farfesa, ya bar Aro a hannun Dokta Tolani Asuni. Ya riƙe sashen koyon likita daga 1966, sannan a 1968, ana tsakiyar yaƙin Biyafara, ya zama shugaban jami'ar baki ɗaya. A nan ne aka samu tabon da ke cikin tarihinsa. Ɗalibai sun yi bore a kan yadda ake tafiyar da abincinsu, hukumar jami'a ta kira ƴan sanda, ranar 1 ga Fabrairu 1971 harsashi ya kashe wani ɗalibi mai suna Kunle Adepeju. Shi ne ake ambata a matsayin ɗalibi na farko da ƴan sanda suka kashe a cikin jami'a a Najeriya. Mutumin da ya iya zama da dattawan ƙauye har suka buɗe wa mahaukata gidajensu, a gidan da yake shugabanta ne ƙorafin abinci ya ƙare da gawa. Ba mu ce shi ya harba ba, amma shi ne uban gida a ranar.

A wannan shekara ya tafi Janeba aiki da Hukumar Lafiya ta Duniya. Daga 1973 zuwa 1988 shi ne mataimakin babban daraktanta, Halfdan Mahler, wato mutum na biyu a hukumar har shekara 15. A zamaninsu ne aka yi taron Alma-Ata na 1978, wanda ya ce a kai lafiya kusa da talaka ta hanyar ƙananan asibitoci da ma'aikatan da ke cikin jama'a. Wanda ya san Aro zai ji ƙamshinta a wannan magana.

A gida kuwa ƙauyen Aro ya yi ta ja da baya. Abeokuta ta faɗaɗa ta haɗiye ƙauyukan, mai gida ya samu ma'aikacin gwamnati da zai biya haya fiye da majinyaci, matan da ke zuwa jinya suka shiga ayyukan da ba a bari. Asibitin ya girma da ɗakunan kwanciya irin na ko'ina. Akwai kuma dalilin da ƴan kasuwa za su gane ba sai an yi bayani ba. Yawancin abin a kan halin mutum ɗaya da waɗanda ya horar da hannunsa ya tsaya, kamar shagon da mai shi ya san sunan kowane mai saye, ya tafi ya bar wa magada kaya da kanta, bai iya bar musu gaisuwar ba. Ita dokar tsarewa ta Turawa, wadda aka sabunta a 1958, ta zauna daram a Najeriya har sai a watan Janairu na 2023 da Shugaba Buhari ya sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa. A tsakani, a watan Satumba na 2019, ƴan sanda suka fitar da mutum sama da 300 daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa, wata guda bayan haka aka buɗe irinsa a Daura da Katsina da Zariya. Da yawansu iyayensu ne suka kai su da kuɗinsu, saboda shaye-shaye ko taɓin hankali, don ba su ga wata ƙofa ba. Ƙungiyar Human Rights Watch a rahotonta na wannan shekara ta ce ta ga sarƙa har a wasu asibitocin gwamnati.

Mu a nan Ƙonni da Malbaza da Illela, wanda mai ciwo zai fara gani ba farfesa ba ne. Majo ne ko ungozoma a ƙaramin asibitin gari, wanda tun safe yake kan masu zazzaɓi da masu awon ciki. Shi za a kawo wa ɗan kabu-kabun da tiramol ya juya wa kai, da mai jegon da ta daina barci tana cewa jaririn ba nata ba ne, da ɗan kasuwar da kayansa suka salwanta a iyaka ya daina fita ɗaki. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da wani shiri na koya wa irin waɗannan ma'aikata gane ciwon ƙwaƙwalwa da ba da maganin farko, don kada komai ya jira Yamai. A gidan rediyo, duk ranar da muka buɗe waya a kan wannan ciwo, masu kira ba su cika fara da tsadar magani ba. Da irin kallon da aka yi musu a bakin ƙofa suke farawa, da dariyar da aka yi lokacin da ɗansu ya fara surutu a layi. Waɗanda suka dace da ma'aikacin da ya ja su gefe ya tambaye su a hankali, su ne ke cewa sun koma karɓar magani wata na biyu da na uku.

Bayan ya bar Janeba a 1988, Lambo ya koma Najeriya ya ci gaba da rubutu da ba da shawara. Ya rasu ranar 13 ga watan Maris na 2004, saura kwana 16 ya cika shekara 81. Asibitin Aro na nan yana aiki a hannun gwamnatin tarayyar Najeriya, yana horar da likitoci da malaman jinya na ƙwaƙwalwa, kuma na Kware da muke wucewa a hanyar Sakkwato ɗaya ne daga cikin ƴan uwansa.